Shekarar da Na Hau Amalen Agali

Wannan babin saboda hoton bidiyon nan da ke yawo a wayoyinku na rubuta shi. Na san kowannenku yana da shi, kada wanda ya soma rantse-rantse. Ran nan na shigo tsakar gida na tarar da 'yar'uwarku Sadiya da 'ya'yanta sun haɗa kai a kan waya suna ta ƙyaƙyatawa, da suka hango ni sai tari ya kama su gaba ɗaya, har da na goye. Wanda ya ɗauki hoton, Allah ya shirye shi, ya ɗauko daidai inda nake kan raƙumi ina kwarara ihu ina kiran mahaifiyata, wadda ta bar duniya tun ba a haifi babbanku ba. Bai ɗauki abin da ya kai ni can sama ba, bai kuma ɗauki yadda na sauko ba. To ku ji daga bakin mai abin, kada jikokina su tashi da cewa kakansu wani tsoho ne da ya taɓa yin ihu a hanyar Gumel.

Kun buɗe ido kun gan ni dillalin raƙuma a kasuwar Maigatari, kuma ba yabon kai ba, a kan raƙumi ba a yi mini gardama. Abin da kasuwa ba ta sani ba shi ne, duk tsawon shekarun da na yi a sana'ar ban taɓa zama a bayan raƙumi ba. Tsoron bisa nake yi. Ba irin wanda mutum yake dakewa ya wuce ba, a'a, irin wanda in na taka abin da ya kai turmi tsawo ƙasa takan soma juyawa. In mai saye ya ce, Malam Sale, hau mana mu ga tafiyarsa, sai in ɗaure fuska in ce dillali ba ya hawan dabbar da ba tasa ba, amana ce aka ba shi. Wannan magana ta yi mini rana ƙwarai. Har suna na samu a kanta, Sale Mai Amana, kuma na ji da kunnena wani malami yana ba da misali da ni a wajen wa'azi. Na sunkuyar da kai abina.

Mutum biyu ne a raye a lokacin suka san gaskiya. Ta farko mahaifiyarku Hajara, don ita ke hawa turmi ta canza ƙwan lantarki, ni ina riƙe mata turmin ina cewa a hankali. Na biyu shi ne wanda ya jawo abin tun farko, Iro, wanda kuke kira Baba Iro. Ɗan kawuna ne, wato taubashina. Shi ɗan namiji, ni ɗan mace, saboda haka a wasan taubasai shi ne ubangida ni ne bawa, yana da ikon faɗa mini duk abin da ya zo bakinsa a gaban kowa, in na yi fushi kuma ni za a yi wa dariya. Bai taɓa kirana Sale ba. Bawa yake cewa, ko a gaban surukaina.

A ƙauyenmu na wajen Gagarawa kakanmu yana da wani dogon rumbun ƙasa, bakinsa a can sama, sai an kafa tsani ake shiga. Wata rana da damina, manya duk sun tafi gona, kakarmu ta ce mu miƙo mata gero. Iro ya ce hawa aikin bawa ne, shi zai riƙe tsani. Na hau, na zauna a bakin rumbu kamar mai hawan jaki, ina waiwayowa sai na ga tsani a kafaɗar Iro yana tafiya da shi bayan gida yana fito. Wasa ya nufa, na yarda. Amma a can ya haɗu da yara za su wanka kududdufi, ya jefar da tsani ya bi su, ya manta da ni sarai. Kakarmu kuwa kunnenta ya yi nauyi. Tun hantsi nake can sama har la'asar, ina kallon kaji sun koma kamar fara. Abin da ya faru da wandona a ranar ba na wannan littafin ba ne. Kawu ne ya dawo ya sauko da ni, Iro yana tsaye a ƙasa ya ga komai, kuma daga ranar ya samu jari.

Ya girma ya zama direba, yana jan akori-kura tsakanin Gumel da Sule Tankarkar, muka yi aure, muka yi furfura, jarin nan bai ƙare ba. Duk sanda ya ga hula mai kyau a kaina, sai ya bari mun shiga cikin mutane ya karkato kai ya ce:

"Bawa, in faɗa?"

Sai in cire in miƙa masa. Hulunan da suka tafi a haka Allah kaɗai ya san yawansu.

A shekarar da nake ba ku labari ciwo ya kama Iro a ciki. Ya rame, tuƙi ya gagara, muka kai shi Kano, daga ƙarshe likita ya ja ni gefe ya ce ciwon daji ne kuma ya yi nisa, mu koma gida mu ci gaba da addu'a. Matarsa ta riga shi, 'yarsa ɗaya tana aure a Damagaram da ƙananan yara, sai na kawo shi gidan nan, ɗakin da Bashir yake yanzu. Mahaifiyarku ta yi iya yinta. Amma raɗaɗin ya fi ƙarfin tofi da ƙwayoyin kemis. Mutumin da bakinsa ba ya hutawa da tsokana ya koma sai nishi, yana cizon gefen bargo don kada yara su ji. Ban taɓa jin na zama marar amfani kamar a lokacin ba.

Sai aka kwatanta mana gidan Sista Asabe a Gumel. Tsohuwar ma'aikaciyar jinya ce da ta yi ritaya, ta buɗe gidan da mijinta ya bar mata ta ce a riƙa kawo mata irin waɗanda asibiti ya sallama. Ba warkarwa take yi ba, ita da kanta takan faɗa. Tana da likitan da ke rubuta mata maganin kwantar da raɗaɗi, ta san yadda ake juya mutum kada bayansa ya yi gyambo, ta san yadda ake yi wa dattijo wanka ba a zubar masa da mutunci ba. Muka kai Iro can, cikin 'yan kwanaki ya samu barci, ya sha kunu. Ranar da na shiga ya dube ni ya ce wannan hular ta fi ƙarfin kaina, sai da na fita zaure na share hawaye, don na san mutumina ya dawo.

Ana cikin kaka Sista ta tare ni a zauren nan ta ce tana so in sani da wuri, gidan ba zai kai ƙarshen shekara ba. Fanshonta take zubawa a ciki, magani ya yi tsada, za ta kira dangin kowa su zo su ɗauki nasu. Na tuna Iro da gefen bargo a baki. Na bi 'yan kasuwarmu ɗaya bayan ɗaya da maganar, kowa ya girgiza kai ya ce Allah sarki, Allah ya kawo mafita. Addu'a dai na tara ta da yawa. Da na gaya wa Iro sai ya lumshe ido ya ce:

"Bar mini wannan, Bawa."

Na ɗauka zafin ciwo ne.

Ranar Alhamis ina tsakiyar kara, wato kasuwar dabbobi, ciniki ya kusa faɗawa, mai saye ya taya, mai raƙumi yana cewa albarka, sai ga mai shela a kan babur da lasifika. Ban kula shi ba sai da na ji sunana.

"Jama'a ana gaishe ku! Malam Sale Mai Amana, dillalin raƙuma, wanda tunda uwarsa ta haife shi bai taɓa hawan raƙumi ba saboda tsoro, zai hau amale ranar Asabar ta sama, daga Maigatari har ƙofar gidan Sista Asabe a Gumel, ba sauka! Mai son gani da idonsa ya tanadi sadakarsa ta marasa lafiya! Saƙo daga ubangidansa, Iro Direba!"

Wallahi kara ta yi tsit, har raƙuma kamar sun daina tuƙa. Sannan aka fashe. Alhaji Ɗanjuma, wanda muka daɗe muna ƙwacen masu saye da shi, ya yi dariya har hularsa ta faɗi, ya ce in da gaske ne shi buhunan riɗi ya ɗauka. Wani ya ce tunkiya, wani ya ce zoɓo, mutanen Nijar suka ce su da sefa za su zo. Mutanen da suka sallame ni da addu'a, ga su suna rige-rigen alkawari. Wani ya ce kada abin ya zama caca, aka tafi wurin limamin kasuwa. Liman ya saurara, ya shafa gemu.

"Ba caca ba ce, tunda marasa lafiya ne za su ci. Da dai kun bayar ba sharaɗi, ya fi lada." Ya dubi jama'a. "Amma tunda an riga an yi shela, a bar shi ya hau. Wace Asabar ɗin aka ce?"

Ban jira la'adata ba na shiga mota sai Gumel. Na faɗa ɗakin ina huci.

"Iro, ka kashe ni! Mutuncin da na yi rayuwata ina tarawa ka zubar a kara da lasifika?"

"Zauna, Bawa, kana tare mini iska."

"Ba zan zauna ba! Da me ma ka sallami mai shelar?"

"Da hularka. Mai ruwan ƙasan nan."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, na ɗago shi na ba shi ruwa ina zaginsa. Da ya lafa sai ya riƙe hannuna, muryarsa ta sauka.

"Ka je ka roƙe su da mutunci, me ka samo? Mutanenmu ba mugaye ba ne, amma tausayi ba ya buɗe aljihunsu kamar yadda kallo yake buɗewa. Na duba abin da na mallaka, mota ta tafi a jinya, gona ta tafi. Abu ɗaya ya rage mini mai tsada, asirinka. Na daɗe ina kiwonsa, ya yi ƙiba, na kai shi kasuwa." Ya nuna ɗakin da ke kusa da haɓa. "Akwai wata tsohuwa a can, daga wajen Sule Tankarkar aka kawo ta, ba ta da kowa. Ni na kusa tafiya. In an rufe gidan nan, ita ina za ta?"

Na juya zan fita. Na ce masa mugu, ya ce ya gode, in ja masa ƙofa in na fita.

A gida na zaci zan samu mai tausaya mini. Ina! Mahaifiyarku tana tankaɗe ta ce labari ya riga ni isowa. Na ce zan ce ba ni da lafiya. Ta ajiye rariya.

"Malam, in ka ƙi hawa, kai ne matsoracin da ya hana marasa lafiya magani. In ka hau, kai ne matsoracin da ya samo musu. Matsoracin dai ya riga ya tabbata, sai ka zaɓi wanne."

Ta kife turmi a tsakar gida ta ce bismilla. Haka muka yi kwanakin nan, in gida ya yi shiru ta sa sakata a ƙofa, in hau turmi tana riƙe da hannuna tana cewa in dubi bango kada in dubi ƙasa. Daga turmi muka koma kan duron ruwa. A nan muka tsaya, don ranar da ta ce a gwada katanga na ce mata in takaba take so ta faɗa mini kai tsaye. Ranar Asabar kuma ta hana ni koko, ta hana ni shayi, ta ce ba sauka aka ce, kuma ba a tsugunno a kan raƙumi.

Raƙumin na Agali ne, wani Buzu marar yawan magana da na daɗe ina sayar wa dabbobi. 'Yan kara ne suka zaɓa, kuma don mugunta suka zaɓi amalen da ya fi kowanne tsawo, fari, mai kallon raini. Gari na wayewa filin ya cika. Agali ya ce in cire takalmi, in zauna a sirdi, in harɗe ƙafafuna a kan wuyansa. Aka rataya mangala don zuba sadaka. Na yi duk addu'ar da na sani, har da ta cin abinci. Na sha ganin raƙumi yana tashi, na kuma sani sarai da ƙafafun baya yake fara miƙewa, amma sanin da aka yi daga ƙasa daban ne. Agali ya yi masa wata 'yar ƙara da baki, sai na ji bayan duniya ya ɗaga, fuskata ta nufi ƙasa, kafin in gama salati gaba ya ɗaga an wurga ni baya. To a nan ne na kira mahaifiyata, Inna Delu. Ban musa ba, muryata ce. Amma ban ce a sauke ni ba. Rawanin da na naɗa don kwarjini na jawo shi ya rufe mini fuska har ido, na ƙanƙame itacen gaban sirdi, na ce wa Agali mu tafi.

Saboda haka tafiyar nan da ake ta ba da labarinta, ni da kunne na yi ta. Na ji babura suna mana rakiya, na ji guɗar mata a ƙauyukan bakin hanya, na ji ana jefa abubuwa a mangala, wani ma kaza ya saka da ranta, tana ta kuka a ƙarƙashin cinyata. Masu ganin rawani a fuskata suna cewa, kai, dubi yadda ya zauna kamar Buzun asali. Wayata ta yi ta ruri a aljihu, wa zai saki sirdi ya ɗauka? Agali yana gaba da akala, can ya ce:

"Saki jikinka, Sale. Kana matse shi kamar ka kama ɓarawo."

Da rana ta ɗaga, mun yi kamar rabin hanya, amale ya ga wani abu kore a ƙasa ya sunkuyar da wuya. Ku tuna ƙafafuna a kan wuyan suke. Na ji matakina ya tafi, jiri ya kwashe ni, rumbun kakanmu ya dawo sabo. Nan ƙarfina ya ƙare. Na ce Agali ya gurfanar da shi, na fasa, a ce mini duk abin da za a ce. Hayaniya ta lafa, na ji Alhaji Ɗanjuma daga cikin motarsa yana cewa ai dama ya faɗa. Sai na ji muryar mahaifiyarku kusa da ƙafar raƙumi. Ashe tun daga gida take biye da mu a cikin a-daidaita-sahu. Ba ta ɗaga murya ba.

"Malam, Sista ce take ta kiran wayarka, da ba ka ɗauka ba ta kira ni. Ta ce tun asuba Yaya Iro ya ƙi karɓar maganinsa. Wai yana sa shi barci, shi kuma ba zai yarda ka iso yana barci ba. Ta ce kada ku yi nawa."

Na san abin da rashin maganin nan yake yi masa, na gani a ɗakin Bashir. Tsoro bai tafi ba, kada in yi muku ƙarya, yana nan daram, sai dai wani abu ya zo ya zauna a kansa. Na ce:

"Agali, wannan abin naka ba ya sauri ne?"

Kada ku taɓa faɗa wa Buzu haka. Ya ɗage riga ya kama sassarfa, amale ya bi shi. Kazar ma sai da ta yi shiru.

Gab da azahar muka shiga Gumel. Gidan Sista a cikin lungu yake, kuma a nan muka yi kuskuren da babu wanda ya hango, mu masu taƙamar sanin raƙumi. Ba a shiga lungun gidaje a kan raƙumi, domin wanda ke sama yana ganin tsakar gidan kowa ta kan katanga. Muna kutsa kai ihu ya tashi dama da hagu, masu wanke-wanke da masu kitso suna ta gudun neman mayafi. Wata dattijuwa ta ɗaga murya daga cikin gidanta:

"Wane marar kunya ne wannan yake leƙa matan mutane da rana tsaka?"

Ni kuma don in wanke kaina na ce da ƙarfi:

"Iya, ki yi haƙuri, wallahi idona a rufe yake tun daga Maigatari!"

Da bakina na faɗa, a gaban duk jama'ar da ta biyo mu. Dariyar da aka yi har yau in na tuna kunnena yana zafi. Alhaji Ɗanjuma ya ce to ai wannan ba hawa ba ne, kaya aka ɗauko, shi bai yi alkawarin riɗi a kan kaya ba. Ana cikin gardama amale ya tsaya da kansa, don ya samu reshen darbejiyar gidan Sista da ya leƙo ta kan katanga, ya kama ci. Sai na ji wata murya daga ƙasa, ta cikin gidan, siririya kamar ba tasa ba.

"Bawa."

Na ƙara ƙanƙame sirdi.

"Bawa, ubangidanka ke magana. Buɗe ido."

Na saki sirdi da hannu ɗaya na janye rawani. Ƙasa tana can nesa, ta soma juyawarta. Amma a tsakiyarta ga gado an fito da shi ƙarƙashin darbejiya, ga Iro a kai, ya zama ɗan mitsitsi a cikin bargo, gumi ya jiƙe masa fuska saboda ciwo, ga wata tsohuwar hulata a kansa. Dariya yake yi. Ba sauti, kafaɗunsa ne kawai ke rawa, hannu ɗaya dafe da ciki. A gefensa an jingina tsohuwar nan ta Sule Tankarkar da matashi, ita ma tana nuna ni da yatsa tana wangale bakinta marar haƙori. Na kafa idona a kan Iro, sai ƙasar ta tsaya. Na daɗe ina kallonsa daga can sama, ido buɗe, kowa ya shaida, har Alhaji Ɗanjuma ya ce a sauke buhunansa.

Saura sauka. Agali ya ce zai gurfanar da shi, na tuna yadda aka tashi, na san saukar ma da fuska ake farawa. Na rantse babu mai gurfanar da raƙumin nan ina kansa. Aka yi lallashi, liman ya ce lokacin salla ya shigo, na ce a yi ba ni. Sai Iro ya yafito Sista ya yi mata magana a kunne, ta zagaya bayan ɗaki, sai ga ta da tsanin da ake hawa gyaran kwano. Aka jingina shi da katanga ta ciki. Katangar daidai gwiwata take, abin da ya rage in zame daga sirdi in zauna a kanta in juya. Dattijo da ni, mai jikoki, zan shiga gidan mutane ta katanga da rana tsaka, liman yana kallo. Iro ya sa aka matso da gadonsa har gindin tsanin. Ya fito da hannunsa daga bargo, hannun da kofin ruwa ma sai an riƙe masa, ya kama ƙafar tsanin.

"Na ɗauke maka wani a Gagarawa," ya ce. "Ga shi na dawo da shi. Sauko, Bawa, ina riƙe."

Na sauko. Ban san yadda aka yi ba, ko jiri ban ji ba. Da ƙafata ta taɓa ƙasa na durƙusa a bakin gadon na kifa kai a bargonsa, na yi kukan da ban yi ba tun rasuwar Inna Delu. Ya bar ni na yi mai isata, sannan ya jawo kunnena kusa da bakinsa.

"Bawa, in faɗa?"

"Me kuma ya rage, mugu? Ai ka sayar."

"Maganar wando," ya ce. "Ita ban sayar ba. Da ita zan tafi." Ya juya ido wajen Sista. "To, kawo maganin naki yanzu."

Ta ba shi. Kafin a idar da salla ya yi barci, hannunsa riƙe da gefen rigata.

Bai ga ƙarshen watan ba. Ya tafi cikin barci a gidan Sista, ba cizon bargo, ina zaune a gefensa. Abin da aka tara ranar, riɗi da tumaki da abin da ke cikin mangala har da kazar, ya riƙe gidan ya tsallake shekarar, kuma tun daga lokacin duk kaka 'yan kara suna haɗa nasu su aika, ba sai an hau komai ba. Tsohuwar nan a can ta zauna har nata lokacin ya zo. Sunan Mai Amana kuwa ya tafi ba ya dawowa, yanzu Sale Na-Bisa ake ce mini, kuma in na yabi tafiyar raƙumi sai mai saye ya ce, Malam, da ido buɗe ka gani? Har gobe mahaifiyarku ke canza ƙwan lantarki.

Don haka ban hana ku kallon hotonku ba, ku daina tarin ƙarya in na shigo. Ku kalla, ku yi dariya da kyau, don ita aka shirya abin. Amma in kun zo daidai inda nake kiran Inna Delu, ku ce Allah ya jiƙan Baba Iro. Hulunan nan duk na yafe masa.